Charles Roach Smith (1807–1890): Mai Tsiwirwirin Tarihi a Gaɓar Kogin Tems

An haifi Charles Roach Smith a ranar 20 ga Agusta, 1807, a kusa da Shanklin da ke tsibirin Wight a Ingila, a gidan manoma. Ya koyi sana'ar harhaɗa magunguna, sannan ya buɗe shagonsa a unguwar Lothbury da ke tsakiyar Landan. Da wannan sana'a ya riƙe kansa, amma da ilimin kufai duniya ta san shi.

Zamansa a birnin ya zo daidai da lokacin manyan ayyuka. An buɗe sabuwar Gadar Landan a 1831, aka rushe tsohuwar, ana yashe ƙasan Kogin Tems, ana kuma haƙa magudanan ruwa. Duk inda leburori suka tona, sai kayan zamanin Rumawa su fito: kuɗaɗe, tukwane, takalman fata da gumakan tagulla. Smith ya riƙa bin ramukan yana sayen abin da aka tsinta, yana rubuta inda aka same shi. Rubuta wurin shi ne ya bambanta shi da masu tara kayan da don ƙawa kawai. Daga yawan kuɗaɗen Rumawa da aka yaso a inda tsohuwar gada take, ya kafa hujjar cewa tun zamaninsu akwai gada a wurin.

Aikin bai zo masa da sauƙi ba. Ya sha saɓani da hukumar birnin, wadda yake zargi da sakaci da tarihinta. Duk da haka, ya kasance cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Ilimin Kufai ta Birtaniya a 1843, ya kuma shafe shekaru yana fitar da jerin littattafansa mai suna Collectanea Antiqua. A 1856 ya sayar wa Gidan Tarihi na Birtaniya kayan da ya tara, kimanin guda 5,000, a kan fam 2,000, alhali an taya su fiye da haka. Burinsa shi ne su zauna wuri guda a hannun al'umma. Littafinsa a kan Landan ta zamanin Rumawa ya fito a 1859.

Sai dai gwani ma yakan yi tuntuɓe. A ƙarshen shekarun 1850 wasu mutum biyu, William Smith da Charles Eaton, suka cika kasuwa da kayan dalma na jabu, suna cewa daga haƙar tashar jiragen ruwa ta Shadwell suka fito. A shari'ar da aka yi a 1858, Roach Smith ya ba da shaidar cewa na gaske ne, daga baya asirin maƙeran ya tonu. Tushen kuskuren a fili yake: wanda ya dogara da bakin mai tsintuwa, bai ga abu kwance a cikin ƙasarsa ba, yana iya sayen ƙarya da kuɗinsa.

Ya ƙare rayuwarsa a Strood da ke lardin Kent, inda ya rasu a ranar 2 ga Agusta, 1890.

Haƙe-haƙen da aka yi a gaɓar Tems daga shekarun 1970, ciki har da na Billingsgate a 1982, sun nuna cewa mazauna birnin sun yi ta cike bakin kogin da shara da ƙasa a bayan shingayen katako, har gaɓar ta matsa kimanin mita 100 tun zamanin Rumawa. Laimar wannan ƙasa ce ta adana fata da itace irin waɗanda Smith ya fara cetowa, kuma bayanansa na cikin abin da masu bincike ke komawa gare shi game da wuraren da gine-gine suka riga suka haɗiye.