María Grever, Matar Da Waƙarta Ta Fi Ta Suna

A wannan makon, mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ta makaranta mun kawo wa malamanmu da 'yan uwanmu ɗalibai tarihin wata baiwar Allah 'yar ƙasar Mekziko. Miliyoyin mutane sun saurari waƙarta da Turanci, amma kaɗan ne suka san cewa da harshen Sifaniyanci aka fara rubuta ta, balle su san sunan mai ita.

An haifi María Joaquina de la Portilla Torres a garin León da ke jihar Guanajuato a shekarar 1885. Mahaifinta mutumin Sifen ne, mahaifiyarta kuma 'yar Mekziko. Tana yarinya ƙarama iyayenta suka koma da ita birnin Sevilla (masu kallon ƙwallo sun san sunan), wanda yake yankin Andalus da muke karantawa a darasin tarihi. A Turai ta fara koyon kiɗa, sannan ta dawo ƙasar haihuwarta tana budurwa. A 1907 ta auri wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin mai, Leo Grever, kuma daga wurinsa ta sami sunan da duniya ta san ta da shi. Juyin juya halin da ya ɓarke a Mekziko a 1910 ya hana ƙasar zama lafiya shekara da shekaru. A 1916 suka tattara suka koma birnin New York, inda ta yi sauran rayuwarta.

A wancan zamani rubuta waƙa sana'ar maza ce. Mace tana iya rerawa, amma a ce ita ta tsara kiɗan, ta rubuta baitocin, ta kai wa kamfanin buga waƙoƙi ya saya, wannan abu ne da ba a saba gani ba. Ga shi kuma baƙuwa ce a ƙasar da ba harshenta ake yi ba. Duk da haka ta rubuta ɗaruruwan waƙoƙi, ta kuma yi wa kamfanonin fim irin su Paramount aiki. Waƙar da ta fara fito da ita sosai ita ce Júrame, wadda mawaƙi José Mojica ya rera. Ana lissafa ta a matsayin mace ta farko daga Mekziko da ta yi suna a duniya a fagen tsara waƙa.

Sai shekarar 1934, lokacin da ta fitar da Cuando vuelva a tu lado. Waƙar soyayya ce mai tafiya a hankali, ta masoyan da suka rabu suna jiran ranar sake haɗuwa. A shekarar nan ce wani Ba'amurke mai rubuta baitoci, Stanley Adams, ya ɗora wa kiɗan kalmomin Turanci, aka sa mata suna What a Diff'rence a Day Made. A nan muke so masu karatu su lura: Adams bai fassara waƙar ba. Ya ɗauki karin sautin ne kawai, ya zuba masa sabon zance. Ta María tana magana kan kewa da dawowa, tasa kuma tana magana kan yadda kwana ɗaya tak yake sauya rayuwar mutum idan so ya shigo. Dalilin a fili yake. Gaɓoɓin kalmomin Sifaniyanci ba su yi daidai da na Turanci ba, kuma duk wanda ya taɓa gwada mayar da waƙar Hausa zuwa Turanci a aji ya san ko dai ma'ana ta tsira kari ya karye, ko kari ya tsira ma'ana ta gudu.

Ƙungiyar makaɗa ta Dorsey Brothers ta naɗi waƙar a faifai tun 1934, kuma ta sami karɓuwa daidai gwargwado. María ta ci gaba da aikinta. A 1938 waƙarta Ti-Pi-Tin ta cika gidajen rediyon Amurka, a 1944 kuma aka saka wata waƙarta a fim ɗin Bathing Beauty.

Ta rasu a New York ranar 15 ga Disamba, 1951, aka kai gawarta birnin Mekziko aka binne.

Shekara takwas bayan rasuwarta, a 1959, wata mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, Dinah Washington, ta sake rera waƙar da wata irin murya mai ratsa jiki. Faifan ya shiga sahun goma na farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, ya kuma kawo wa Dinah lambar yabo ta Grammy. Daga nan mutane suka riƙa kiran ta waƙar Dinah Washington. A 1975 Esther Phillips ta mayar da ita waƙar rawa mai sauri, ta sake tashe. A ganinmu Dinah ta cancanci yabonta, sai dai an tauye wa mai tuwo haƙƙi an ba mai miya. Sunan Grever yana nan a jikin faifan, da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan waƙar, kusa da na Adams.

Mutanen Mekziko dai ba su manta da ita ba. Jim kaɗan bayan rasuwarta suka shirya fim kan rayuwarta mai suna Cuando me vaya, inda jaruma Libertad Lamarque ta fito a matsayinta.