Alhaji Mamman Shata Katsina da Gardamar Sabon Yayi

Gabatarwa

Gardama a kan yayi tsohuwar aba ce a ƙasar Hausa. Duk lokacin da samari suka fito da sabon ɗinki ko sabuwar rawa, sai dattawa su ce duniya ta lalace, su kuwa samari su ce zamani riga ne. Galibi kuma tufa da kiɗa tare suke tafiya, domin a dandali da wurin biki ake nuna su. A wannan ɗan bayani za mu duba rayuwar marigayi Alhaji Mamman Shata, don mu ga inda ya tsaya a wannan gardama.

Asalinsa

An haifi Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, Bafillace ne, bai kuwa so ɗansa ya zama mawaƙi ba, saboda a wancan lokaci ana ɗaukar waƙa roƙo ce. Shata ya fara da tallar goro da alewa, yana kuma waƙa a dandali don nishaɗi. Daga baya ya koma Bakori wajen ubangidansa Abdullahi Inde. Sunansa ya fito sosai a 1952, sa'ad da ya yi wasa a Kano wajen bikin nan da aka sani da Bikin 'Yan Sarki.

Sabon Salonsa

A al'ada kowane kiɗa da masu shi. Kotso da taushi na fada ne, kamar yadda muka sani wajen Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan mata a dandali. Shata ya ɗauki wannan kalangu ya shiga da shi ko'ina. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa attajirai da direbobi da sojoji da mata masu zaman kansu. Bai kuma ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Mutane ba za su manta da waƙar Magaji Mai Ido Ɗaya ba. Har kumbon Apollo 11 da Amurka ta aika wata a 1969 sai da ya yi wa waƙa. Rediyon Kaduna da faya-fayan garmaho, daga baya kuma kaset, su suka kai muryarsa birni da ƙauye.

Wannan salo bai tsira daga suka ba. Malamai da dattawa da yawa sun ƙi jinin wasan da yake yi a otal-otal da waƙoƙinsa na shaye-shaye, suna ganin yana ɓata tarbiyyar matasa. Masoyansa kuwa suna ganin abin da ke cikin jama'a ne yake faɗi, ba shi ya ƙirƙiro shi ba.

Shata da Yayin Tufafi

Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuɗin man fetur ya shigo, sa'an nan ƙarin albashin Udoji ya biyo baya. Samarin birane, musamman 'yan makaranta, suka shiga yayin wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu da tara suma, suna koyi da mawaƙan baƙaƙen fatar Amurka irin su James Brown, wanda ya zo Nijeriya a 1970. A ganinsu wayewa ke nan. Shata ya rayu a tsakiyar wannan guguwa, amma bai yar da babbar riga da hula ba, bai kuma musanya kalangu da jita ba. Duk da haka, da wuya a sami mawaƙin Hausa da ya shigo da zamani cikin waƙa kamarsa. Watau sabon abin nasa yana cikin abin da yake faɗi da mutanen da ya zaɓa ya yi wa waƙa.

Ƙarshen Rayuwarsa

Shata ya taɓa siyasa a jam'iyyun GNPP da SDP. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dokta na girmamawa a 1988. Ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.

Kammalawa

Wandon nan mai faɗin ƙafa ya yi yayinsa ya wuce, sai a tsofaffin hotuna ake ganinsa. Waƙoƙin Shata kuwa har yau ana jin su a tasha da kasuwa da gidajen rediyo, ana kuma nazarinsu a jami'o'i. Saboda haka, in mun tashi gardama a kan sabon yayi, ya kamata mu tambayi ko abin yana da saiwa a cikin jama'a ko kuwa aro ne kawai. Allah ya jiƙan Shata, amin.