Kakar Da Ta Zama Idanun Jikarta

Karatu: Yohanna 9:1-7

Ƙaunatattu, a cikinmu akwai gidajen da ke renon yaron da ya yi jinkirin tafiya, ko bakinsa bai buɗe ba, ko ba ya gani. A Anka da Bukkuyum akwai iyayen da har yau suke ɗawainiya da yaran da gubar dalma ta 2010 ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Maƙwabta na raɗe-raɗi, wasu su ce aljanu ne, wasu su ce alhakin iyaye ne. In gidanku ne, ku saurari labarin wata yarinya.

An haifi Fanny Crosby a jihar New York ta Amurka ran 24 ga Maris, 1820. Tana da mako 6 ciwon ido ya kama ta, ta makance. Ba ta cika shekara ba mahaifinta ya rasu. Uwarta, Mercy, ta shiga aikatau, reno ya koma hannun kakarta, Eunice. Da ta kai shekara 5 aka kai ta wurin wani babban likita, Valentine Mott, ya duba ya ce babu magani.

Kakar nan ba ta ɓoye jikarta a ɗaki ba. Takan fita da ita waje, ta sa mata ganye da fure a hannu, ta gaya mata sunansu. Takan koya mata kukan tsuntsaye, ta kwatanta mata faɗuwar rana, ta karanta mata Littafi Mai Tsarki. Daga baya mai gidan da suke haya, uwargida Hawley, ta riƙa ba ta surori tana haddacewa kowane mako. Tana shekara 15 ta riga ta haddace Bishara huɗu, da littattafan Musa biyar, da Zabura masu yawa. A 1835 ta shiga makarantar makafi ta birnin New York, har ta zama malama a can. Ta rubuta waƙoƙin yabo fiye da 8,000 kafin ta rasu a 1915, tana shekara 94.

Ku lura da abu biyu. Idanun Fanny ba su buɗe ba, duk da haka aikin Allah ya bayyana a cikinta. Eunice kuwa ta rasu tun Fanny tana yarinya, ba ta ji ko ɗaya daga waƙoƙin yabon nan ba. Ta shuka, wasu suka girbe.

'Yar'uwa, wataƙila ɗanki ba zai rubuta waƙa ba. Darajarsa a gaban Ubangiji ba ta ragu ba. Ki yi masa magana ko da bai amsa ba, ki kai shi asibiti, ki zo da shi sujada. Ɗan'uwa, kada ka bar wa matarka kayan nan ita kaɗai.

Addu'a: Ya Uba, ka ƙarfafa hannuwan da suka gaji da reno, ka ba mu idon ganin yaran nan yadda kake ganinsu, cikin sunan Yesu. Amin.