Robert Bakewell: Manomin Da Ya Sauya Siffar Tumaki Da Shanun Ingila

An haifi Robert Bakewell a shekarar 1725 a gonar Dishley, kusa da garin Loughborough, a yankin Leicestershire na ƙasar Ingila. Gonar ta haya ce, kuma a nan mahaifinsa ya yi noma da kiwo kafin ragamarta ta dawo hannun ɗan a wajajen 1760.

A wancan zamani ana kiwon tumaki ne domin ulu, shanu kuwa domin huɗa da nono. Maza da mata na kiwo tare, barbara kuma sai yadda ta kasance. Bakewell ya lura cewa birane na cika da ma'aikata masu neman nama, don haka ya ƙudurci samar da dabba mai siraran ƙasusuwa, mai yawan tsoka, wadda ke saurin ƙiba da abinci kaɗan.

Sai ya raba maza da mata, ya zama shi ke zaɓar wanda zai hau wacce. Idan ya samu siffar da yake so, yakan haɗa dangi na kusa, har uba da 'yarsa, domin siffar ta zauna a zuriya, duk kuwa da cewa makiyayan lokacin na ƙyamar hakan. Yana auna abincin dabbobinsa, yana kuma adana ƙasusuwa da naman waɗanda aka yanka domin kwatanta zuriya da zuriya. Ta haka ya fito da tumakin New Leicester, ya kuma gyara shanun Longhorn masu dogayen ƙahoni.

Babbar dabararsa ita ce bayar da hayar raguna na kakar barbara guda maimakon sayarwa. Ragon kan haifi 'ya'ya a gonaki daban-daban, shi kuma ya duba su, ya gane ragon da ke gadar da nagartarsa da wanda kyan gani kawai gare shi. Da farko suloli kaɗan ake biya, amma zuwa ƙarshen shekarun 1780 hayar na kawo masa sama da gini 1,000 a kaka ɗaya, kowane gini kuwa fam ɗaya ne da sule ɗaya.

Sai dai harkar ba ta rasa ƙura ba. A 1776 bashi ya durƙusar da shi kafin ya farfaɗo. A 1783 ya kafa ƙungiyar Dishley, wadda ta ɗaure mambobinta da dokokin hayar raguna domin irin ya tsaya a hannun 'yan tsiraru. Bai kuma wallafa bayanin yadda yake haɗa dabbobinsa ba.

Su ma dabbobin sun ɗanɗana kuɗarsu. Tumakinsa sun yi kitse fiye da kima, haihuwarsu ta ragu, nonon shanunsa ya ja baya. Masana sun gano dalili daga baya: saurin girma da siffar jiki na bin gado sosai, shi ya sa zaɓe ke saurin tasiri a kansu. A shanun madara, kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na bambancin yawan nono daga gado yake, na haihuwa kuwa bai kai kashi 10 ba, kuma tana cikin abubuwan da haɗa dangi na kusa ya fi raunanawa.

Bakewell ya rasu a 1795, bai yi aure ba, shekaru 71 kafin Gregor Mendel ya wallafa bincikensa kan gado. Charles Colling, wanda ya ziyarci Dishley, ya bi tafarkinsa shi da ɗan'uwansa Robert wajen gyara shanun Shorthorn, waɗanda suka ture Longhorn daga kasuwa. Charles Darwin ya ambaci aikinsa a littafinsa na 1859. Har yau kuma, a wajen masu gyaran iri, 'ya'yan bijimi ne shaidar darajarsa.