Seydou Keita, kafintan Bamako da hotunansa suka zagaya duniya

Masu karatu, a filinmu na tarihin mashahuran mutane yau mun leƙa maƙwabciyarmu ƙasar Mali, domin mu kawo muku rayuwar marigayi Seydou Keita, watau Sa'idu a bakinmu. Shi ba sarki ba ne, ba soja ba, bai kuma taɓa riƙe wata kujerar siyasa ba. Mai ɗaukar hoto ne kawai a wata unguwa ta Bamako. Amma duk wanda yake son ya ga fuskar mutanen Afirka ta yamma a jajibirin samun ƴancin kai, to da wuya ya kauce wa hotunan wannan bawan Allah.

An haife shi a Bamako wajen shekara ta 1921, lokacin ana kiran ƙasar Sudan ta Faransa, tana ƙarƙashin gwamna janar guda da Nijar, mai zama a Dakar. Shi ne babba cikin ƴaƴa biyar. Mahaifinsa kafinta ne, shi ma tun yana ƙarami aka sa shi ga katako da zarto, bai yi lakwal ɗin nasara ba. A shekara ta 1935 wani ɗan'uwan mahaifinsa ya komo daga Senegal da wani ƙaramin akwatin ɗaukar hoto samfurin Kodak Brownie, ya ba shi. Yaron ya soma gwaji a kan ƴan gidansu da abokan aikinsa, wasu hotunan su fito, wasu su lalace. Daga baya ya ƙara sani wajen Pierre Garnier, wani Bafaranshe mai kantin kayan hoto a garin, da kuma Mountaga, wani ɗan ƙasa da ya riga shi shiga sana'ar.

Ya kamata mu tsaya mu dubi yadda hoto yake a ƙasashenmu kafin wannan lokaci, in ba haka ba ba za a gane girman abin da ya yi ba. Akwatin hoto ya shigo mana ne galibi a hannun nasara. Irin su Edmond Fortier, mai gidan hoto a Dakar, sun buga dubban katunan gidan waya a farkon ƙarni na 20, ana aika su Faransa. A jikin katin ba a cika rubuta sunan mutum ba, sai dai a ce ga samfurin mace ta ƙabila kaza, ga samfurin maharbi na wuri kaza, kamar ana lissafin iri a rumbu. Mata da yawa an ɗauke su ƙirji a buɗe, don abin da masu saye suke so ke nan. Sai kuma hoton takardun hukuma, wanda ake tsayar da mutum ƙiƙam ya kalli gaba. A duka biyun, wanda ke gaban akwati ba shi da ta cewa. Ba abin mamaki ba ne da kakanninmu da yawa suka riƙa gudun hoto.

A shekara ta 1948 Keita ya buɗe wurinsa a filin gidansu da ke unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan kaso. Wurin ya yi masa daidai, don ba shi da nisa da tashar jirgin ƙasan da ke haɗa Bamako da Dakar. Matafiya suna sauka, yaransa suna nuna musu samfurin aikinsa, su biyo su har gida. Da haka sunansa ya bi fatake da ma'aikata zuwa sauran ƙasashen yankin.

Abin da ya bambanta shi da masu katin gidan waya shi ne, a nan mai hoton ne ya zo da ƙafarsa, ya biya da kuɗinsa, shi ne kuma zai tafi gida da hoton. Saboda haka dole a fito da shi yadda yake so a gan shi. Keita ya tanadi kayan aro: kwat da taye irin na Turawa, hula, agogon hannu, alƙalami, tabarau, akwatin rediyo, wayar tarho, furen roba, keke, babur Vespa, har da motarsa Peugeot 203. Saurayin da bai mallaki ko keke ba sai ya jingina da mota. Wanda bai iya rubutu ba ya maƙala alƙalami a aljihu. Wani zai ce ai wannan ƙarya ce aka ɗauka. Mu a ganinmu ba haka ba ne. Hoton yana faɗin gaskiyar abin da mutanen birni suke buri a wannan zamani, kuma burin mutum ma wani yanki ne na tarihinsa. Wanda ya ari rediyo ya dafa, yana gaya wa danginsa na ƙauye cewa shi fa yanzu yana jin abin da duniya take ciki.

Mata kuwa su ne suka fi ba aikinsa kyau. Sukan zo da nasu manyan riguna da zannuwa, da ɗaurin kallabi iri iri, da zinariya a kunne da wuya. Yakan gyara wa mace zama, ya karkata fuskarta kaɗan, ya shimfiɗa rigar ta cika wuri, ya fito da hannuwan fili don a ga zobba da siraran yatsu. Wata ya kishingiɗar da ita bisa gado, ta tallafi kai da hannu, tana kallonka ido cikin ido ba tsoro ba kunya. A bayanta kuma ya rataya wani zane mai ado. Labulensa na farko ma shimfiɗar gadonsa ce. Adon riga ya haɗu da adon labule, sai ka rasa inda wannan ya ƙare wancan ya soma, fuskar ce kaɗai take fitowa tsaf. Bayan ƴan shekaru yakan canza labulen, kuma da wannan ne daga baya ya riƙa gane shekarar da ya ɗauki kowane hoto.

Yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi, a tsakar gida. Dodon hotonsa, wanda masu sana'ar suke kira kilishe, faɗinsa santimita 13 ne, tsawonsa 18, kuma yakan ɗora shi kai tsaye bisa takarda ya wanke, ba tare da ƙara girma ba. Kayan aiki suna da tsada, don haka sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Sau ɗaya tak. Ga wanda ya saba latsa salula sau ashirin kafin ya zaɓi guda, wannan kaɗai ya isa abin jinjina.

Mali ta sami ƴancin kai ranar 22 ga Satumba 1960, Modibo Keita ya zama shugaba. A shekara ta 1962 gwamnati ta ɗauki Seydou aiki a hukumar tsaron ƙasa a matsayin mai ɗaukar hoto, ba da jimawa ba wurin nasa ya rufe. Ya ci gaba da aikin hukuma har bayan juyin mulkin Moussa Traoré na 1968, ya yi ritaya a 1977. Hotunan waɗannan shekaru 15 ba sa cikin waɗanda duniya ta san shi da su. Daga nan hoto mai launi da injinan wanke shi suka shigo, suka kashe kasuwar masu baƙi da fari, a Bamako kamar yadda aka gani a Yamai, inda Philippe Koudjina ya yi tashe a shekarun 1960 da 1970. Keita ya koma gefe. Abu guda dai ya yi wanda da yawa ba su yi ba: ya adana dubban kilishensa cikin akwati, bai zubar ba.

A shekara ta 1991 aka yi wani baje kolin fasahar Afirka a birnin New York na Amurka, aka rataya wasu hotunansa ƙalilan, a ƙarƙashinsu aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, daga Bamako dai suke. Alhali mutumin yana raye, yana zaune a gidansa. Wani attajiri mai tara kayan fasaha, Jean Pigozzi, ɗan wanda ya kafa kamfanin motocin Simca, ya gan su, ya tura André Magnin Bamako ya nemo mai su. Malick Sidibé, wani gwanin hoto na garin, yana duba su ya gane hannun Keita, ya nuna hanyar gidansa. Magnin ya zaɓi kilishe fiye da 900 ya tafi da su Faransa.

Daga nan sai abin ya zama kamar almara. A 1994 gidauniyar Cartier ta baje hotunansa a Paris, a shekarar ne kuma aka soma babban taron masu ɗaukar hoto na Afirka a Bamako. A 1997 aka buga littafin hotunansa, aka kuma nuna su a wani babban gidan sayar da kayan fasaha na New York. Hoton da a da bai fi tafin hannu biyu ba, wanda ake sakawa cikin wasiƙa ko a jingina bisa jeren kwanonin amarya, aka buga shi ya wuce mita guda, ana sayar da shi dubban daloli. Tsohon ya ga wannan da idonsa, ya kuma sami rabonsa na kuɗi da daraja a ƙarshen rayuwa.

Sai dai inda kuɗi suka shiga, rigima ba ta nisa. Gab da rasuwarsa ya ƙulla yarjejeniya da wani dillali dabam, Jean-Marc Patras. Allah ya yi masa cikawa a Paris cikin watan Nuwamba 2001, ya bar gardama a baya: wa ke da iko da kilishen da aka kai Turai, wa ke da izinin wanke sababbi, wane hoto ne na gaske. Magana ta kai har gaban alƙali. A 2016 aka cika babban zauren Grand Palais na Paris da hotunansa kusan 300.

Su kuwa mutanen da ke cikin hotunan, waɗanda suka yi kwalliya suka biya kuɗinsu don a san su, Keita bai riƙa rubuta sunayensu ba. Yau sunansa yana rubuce da manyan baƙaƙe a ƙofar zaure, a ƙarƙashin yawancin hotunan kuma an sa cewa ba su da suna, sai ƙiyasin shekara.