Shehu Sariyyu Saƙaɗi (R.A.): Ɗan Kasuwar da Allah Ya Buɗe wa Ƙofa ta Hannun Maraya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.), wanda ya tashi maraya Ubangijinsa Ya jiɓinci lamarinsa, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk muridin da ya saba karanta salsalar Ƙadiriyya, tun daga Sidi Abdulƙadir Jilani (R.A.) yana hawa sama, ya san akwai sunaye uku da suke zuwa a jere: Junaidu, Sariyyu, Ma'arufu. Na farkon babu wanda bai san shi ba, shi ne shugaban jama'ar sufaye. Na ukun kuwa ya shahara da karɓuwar addu'a. Amma na tsakiyar, sau da yawa harshe ne kawai yake bi ta kansa ya wuce, alhali kuwa shi ne igiyar da ta ɗaure waɗancan biyun. Shi ya sa a taron bana muka ga ya dace mu ɗan tsaya a kansa, musamman da yake maraya ne ya zama sanadin shigarsa hanya, kuma maraya ne ya ɗauki gadonsa bayansa.

Asalinsa da sana'arsa

Sunansa Sariyyu ɗan Mugallis, alkunyarsa Abul Hasan. An haife shi a Bagadaza tsakanin shekara ta 155 da ta 160 bayan Hijira, wato birnin kansa yana sabo, domin Halifa Mansur ya aza harsashinsa ne a shekara ta 145 (762 Miladiyya). A shekara ta 157 Halifan ya fitar da kasuwanni daga cikin ganuwa ya mayar da su unguwar Karkhi, a yammacin kogin Dijla. A irin waɗannan kasuwanni Sariyyu ya tashi, a cikinsu kuma ya sami laƙabinsa. Kalmar Saƙaɗi ba sunan gari ba ce, ba kuma sunan ƙabila ba. Sunan sana'a ce, ma'anarta mai sayar da ƙananan kayayyaki da tarkacen gida, kusan abin da za mu kira ɗan koli.

Kasuwa ba ta hana shi neman ilimi ba. Ya ji hadisi daga Fulailu ɗan Iyal, da Hushaimu ɗan Bashir, da Abubakar ɗan Ayyash, da Yazidu ɗan Haruna, ko da yake abin da ya ruwaito ba shi da yawa.

Akwai ƙissar da Imam Gazali ya kawo a cikin Ihya'u wadda take nuna irin ɗan kasuwar da yake. Ya sayi ma'auni guda na lauz, wani ɗan itace mai ɓawo da ake ci, a kan dinari 60, ya rubuta a littafinsa cewa ribarsa dinari 3 ce, domin ƙa'idarsa ita ce rabin dinari a cikin kowane goma. Kafin ya sayar sai kaya ya yi tsada, ya kai dinari 90. Dillali ya zo, Sariyyu ya ce a sayar a kan 63. Dillalin, wanda shi ma mutumin kirki ne, ya sanar da shi kuɗin da kasuwa take ciki. Sariyyu ya ƙi warware abin da ya ƙulla tsakaninsa da Allah, dillalin shi ma ya ƙi sayarwa a ƙasa da kuɗin kasuwa don kada ya zama ya cuci mai kaya. Haka suka rabu ba a yi ciniki ba. Bambancin dinari 27 ne, zinare fiye da giram 100. Wanda yake zaune a rumfa shi ya san nauyin wannan fiye da mai karantawa a littafi.

Ranar da aka tufatar da maraya

A wannan zamani Shehu Ma'aruful Karkhi (R.A.) yana zaune a unguwar, ba shi da komai na duniya. Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da wani mummunan lokaci, domin daga shekara ta 196 zuwa ta 198 rundunonin Ma'amun sun yi wa ɗan'uwansa Amin ƙawanya a Bagadaza, an ƙone unguwanni, an kashe mutane masu yawa, gidaje da dama sun wayi gari babu uba.

Ƙissar haɗuwarsu ta zo ta hanyoyi biyu. Imam Ƙushairi a cikin Risalarsa ya kawo ta a taƙaice: Ma'arufu ya zo rumfar Sariyyu yana riƙe da wani yaro maraya, ya umarce shi da ya tufatar da shi, ya tufatar da shi. Ma'arufu ya yi farin ciki, ya roƙi Allah Ya sanya masa ƙin duniya a zuciya, Ya kuma hutar da shi daga abin da yake ciki. Sariyyu ya tashi daga rumfar nan babu abin da ya fi ƙi kamar duniya, kuma har ƙarshen rayuwarsa yana jingina duk abin da ya samu ga albarkar Ma'arufu.

Fariduddin Aɗɗar kuwa, a littafinsa na tarihin waliyyai, ya kawo ta da faɗi. Ranar Salla ce, Sariyyu ya ga Ma'arufu yana tsintar ƙwallayen dabino a kan hanya. Ya tambaye shi dalili, sai ya ba shi labarin wani yaro da ya tarar yana kuka, ba uwa ba uba, sauran yara sun sa sababbin tufafi shi ba shi da su, suna wasa da jauz shi ba shi da ko ɗaya. Jauz wani ƙwallo ne mai ɓawo da yaran ƙasar suke wasa da shi, su kuma fasa su ci. Ma'arufu yana tara ƙwallayen dabinon ne don ya sayar, ya saya wa yaron jauz ya shiga cikin tsaransa. Sariyyu ya roƙe shi da ya bar masa wannan aiki. Ya kama hannun yaron, ya ɗinka masa riga, ya saya masa jauz, ya faranta masa rai. Nan take wani haske ya shiga zuciyarsa, halinsa ya sauya.

Ya kai ɗan'uwa, dubi abin da ya durƙusar da Ma'arufu a kan titi ranar Idi. Ba a ce yaron yana jin yunwa ba. Abin da yake damunsa shi ne ya ga kowa yana da wanda ya tuna da shi ban da shi. Wani malamin da zai ce masa ya yi haƙuri, wasa ba komai ba ne. Ma'arufu bai raina kukan ba, ya ɗauki abin wasan yaro a matsayin buƙata ta gaske, har ya yarda a ga shehu kamarsa yana tsintar abin da mutane suka tofar. Sariyyu kuma, a wannan ruwaya, babu wanda ya sa shi. Shi ya miƙa kansa.  Yaron ya sami riga da ta tsufa bayan 'yan watanni, shi kuwa ya sami abin da mutane suke shekaru a halwa suna nema.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Sunna. Bukhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad cewa Annabi (S.A.W.) ya kwatanta kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna da kusancin yatsunsa biyu, manuniya da ta tsakiya. Imam Ahmad kuma ya ruwaito cewa wani mutum ya kai kukan bushewar zuciyarsa, sai aka nuna masa maganin a cikin shafa kan maraya da ciyar da miskini. Sariyyu ya sha wannan magani ne, ya kuwa yi masa aiki.

Istigfarin shekara talatin

Bayan wannan, lamarin mutane ya zama lamarinsa, har ya kai ga yi wa kansa hisabin da ba kowa zai iya ba. Gobara ta tashi a kasuwar Bagadaza, wani ya tare shi da albishir cewa rumfarsa ta tsira, sai ya yi hamdala. Daga baya ya tuna cewa ya yi murna ne da kuɓutar nasa alhali na maƙwabtansa ya ƙone. Shekara 30 yana neman gafara a kan wannan hamdala guda. Malamai sun yi bayani cewa laifin ba a godiyar yake ba, yana cikin zuciyar da ta ware kanta daga musibar musulmi ko da na ƙiftawar ido.

Ya kuma san cewa ba kowace ziyara ce taimako ba. Ya taɓa yin rashin lafiya a Ɗarsus, garin ribaɗi da ke kan iyakar Rumawa, wasu suka zo gaishe shi suka zauna suka ƙi tashi har zaman ya cutar da shi. Da suka nemi ya yi musu addu'a, sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah Ya koya musu ladabin gaishe da mara lafiya. Wannan ƙissa takan sa mutum murmushi, amma ta shafe mu. Mukan cika gidan makoki kwana uku, a gaisa da manya, a kori yaran mamaci waje don kada su dami baƙi. Bayan an yi sadakar arba'in kuwa sai ƙafa ta ɗauke, a daidai lokacin da yaran suke fara gane cewa wanda ya tafi ba zai dawo ba.

Maraya na biyu

'Yar'uwar Sariyyu tana auren wani mai sayar da kayan gilashi, ɗan asalin Nahawand. Suka haifi yaro aka sa masa Junaidu. Mahaifin ya rasu yaron yana ƙarami, kawunsa Sariyyu ya ɗauke shi ya riƙe.

Riƙon da ya yi masa ba na ci da sha kaɗai ba ne. Yana barinsa ya yi wasa a gabansa ko da akwai manya a majalisi, yana kuma saka shi a cikin zance. Junaidu yana ɗan shekara 7 wata jama'a tana tattauna ma'anar godiya, sai Sariyyu ya juyo ya tambaye shi. Yaron ya amsa da cewa godiya ita ce kada a saɓa wa Allah da ni'imarsa. Maimakon ya yi ta kambama shi, sai kawun ya gargaɗe shi da tsoron kada rabonsa a wajen Allah ya tsaya a harshensa kawai. Junaidu ya ce bai daina kuka a kan wannan kalma ba.

Bai kuma riƙe shi a gefensa shi kaɗai ba. Ya bar shi ya yi fiƙihu a wajen Abu Saur, har ya kai ga yin fatawa a majalisinsa yana ɗan shekara 20. Da ya ji yana zama wajen Harisul Muhasibi, ya ƙarfafa masa gwiwa ya ɗauki iliminsa da ladabinsa, ya bar masa zurfafawa a jayayyar ilimin kalam. Ya yi masa addu'a Allah Ya sa ya fara zama ma'abocin hadisi sannan ya zama sufi, ba akasin haka ba. Da lokaci ya yi, shi ne ya matsa masa ya fito ya yi wa mutane magana. Junaidu yana jin nauyi, yana ganin bai isa ba, har sai da ya ga Annabi (S.A.W.) a mafarki yana umartarsa da haka. Ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar kawunsa tun kafin asuba, sai ya tarar ya riga ya san abin da ya kawo shi, har yana yi masa ɗan zargi cewa bai gaskata su ba sai da aka faɗa masa daga sama.

Sulami ya ambata cewa Sariyyu ne farkon wanda ya yi magana a Bagadaza a kan tauhidi da haƙiƙanin halaye a bisa harshen mutanen hanya, kuma mafi yawan shehunan birnin sun sha daga gare shi, cikinsu har da Abul Husaini Nuri. Amma ta kan yaron da ya riƙa ne salsala ta miƙe: daga Junaidu zuwa Shibli, zuwa Abdulwahid Tamimi, zuwa Abul Faraji Ɗarsusi, zuwa Abul Hasan Hakkari, zuwa Abu Sa'id Mubarak Mukharrimi, zuwa Sidi Abdulƙadir, wanda ya shiga Bagadaza a shekara ta 488, shekara 235 bayan rasuwar Sariyyu. Duk wanda ya karɓi wuridi ta wannan hanya, a ko'ina yake, yana cin albarkar riƙon da kawu ya yi wa ɗan 'yar'uwarsa.

Wafatinsa

Ya yi tsawon rai. Junaidu ya shaida cewa bai ga wanda ya fi shi ibada ba, kuma ya kai shekara 98 ba a gan shi a kwance ba sai a ciwon ajali. Ya ga Bagadaza ta sake shiga ƙawanya a shekara ta 251, a rikicin Musta'in da Mu'utazz, yana tsoho tukuf. Ya rasu a watan Ramadan na shekara ta 253 (867 Miladiyya) a bisa zance mafi shahara, aka rufe shi a maƙabartar Shuniziyya da ke yammacin birnin. Da Junaidu ya cika, wajen shekara ta 298, sai aka kawo shi aka rufe a gefen kawunsa. A yau maƙabartar da sunan Shehu Junaidu aka fi saninta, ƙaburburan biyu suna wuri guda, kuma hubbaren Shehu Ma'arufu ba shi da nisa da su.

Allah Ya ƙara musu yarda, Ya amfane mu da albarkarsu, Ya jiƙan iyayenmu da shehunanmu, amin.