Bruno Rossi

Bruno Benedetto Rossi (13 ga Afrilu, 1905 – 21 ga Nuwamba, 1993) masanin kimiyyar fiziks ne ɗan asalin Italiya da ya koma Amurka. Yana cikin waɗanda suka assasa nazarin taurari ta hanyar hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti.

Rayuwar farko

An haife shi a birnin Venis, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Bologna a 1927. Ya fara suna ne da binciken ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfi da ke faɗowa duniya daga sararin samaniya, har ya je Asmara ta ƙasar Eritiriya a 1933 don auna su. A 1938 gwamnatin Mussolini ta kore shi daga Jami'ar Padua saboda Bayahude ne. Ya isa Amurka a 1939, ya yi aiki a Los Alamos lokacin haɗa bam na nukiliya, sannan ya koma MIT a 1946.

Hasken eksire daga sama

Iskar da ke lulluɓe duniya tana shanye wannan haske, don haka ba a iya ganinsa daga ƙasa, sai an harba na'ura sama. Masana da dama na ganin ba abin da za a samu bayan na Rana, domin taurari sun yi nisa ƙwarai. Rossi ya nace a duba. Shi ya zaburar da Riccardo Giacconi da abokan aikinsa, kuma a watan Yunin 1962 aka harba roka daga White Sands a jihar New Mexico. Hasken eksire na Wata aka ce za a nema, ba a same shi ba. Abin da aka gano shi ne Scorpius X-1, tushe na farko a wajen tsarin Rana. Daga baya aka fahimci cewa ragowar mataccen tauraro ne mai tsananin nauyi, yana zuƙo iskar gas daga wani tauraro maƙwabcinsa, gas ɗin ya yi zafi na miliyoyin digiri. Tauraron ɗan adam Uhuru, da aka harba daga gaɓar tekun Kenya a Disambar 1970, ya gano irin waɗannan tushe sama da 300.

Rasuwa

Ya samu lambar yabo ta Wolf a 1987. Ya rasu a Cambridge ta jihar Massachusetts, shekara 9 kafin a ba Giacconi kyautar Nobel a 2002. Hukumar NASA ta sa sunansa ga wani tauraron ɗan adam da ta harba a ƙarshen 1995.